Ranar da Yaya Ya Ƙara wa Injina Wuta

Har yau idan na ga batirin tocila a tebur ɗin mai kayan koli, raina ɓaci yake yi. Ɗan abin nan da bai kai tsawon yatsa ba, mai rubutun ɗaya da rabi a gefensa, shi ne hujjar da yayana ya kafa ya kashe mini sana'a. An yi salloli da haihuwa da rasuwa a gidanmu tun daga lokacin, muna gaisawa, muna zama tabarma ɗaya, amma ban huce ba, kuma ba zan yi ƙaryar na huce ba.

Sana'ata a lokacin ita ce ɗaukar bidiyon mata a Dogon Dutsi. Samarin ƴan kasuwar garinmu masu bin wa'azi sun daina bikin kiɗa da cakuɗa, sai walima, maza can, mata can. To amma mata in sun rufe ƙofar gida suka ga babu namiji ko ɗaya, sai a tuɓe hijabi, kitso ya fito, lalle ya fito, a kifa ƙwarya a ruwa, a yi tafi da rawa har ƙafa ta gaji. Suna son su ajiye ranar su riƙa kallo, amma ba mai barin namiji ya shigo da kamera. Nan na samu ƙofa. Ni ke ɗauka, ni ke yanka fim ɗin in haɗa da hannuna, in zuba a kile, ɗan abin ajiyar bidiyo, in miƙa wa uwar amarya, sannan in goge nawa. Kowace uwa kalma ɗaya nake faɗa mata: daga idona sai idonku. Kamerata ba ta fi ta kowa ba, wannan kalmar ce jarina.

Injin da nake aiki da shi ordinatar ne, wato kwamfuta ta tebur, babban akwati baƙi, wanda taubashina ɗan Goggo ya harhaɗa mini a Yamai, inda yake gyaran irinsu. Yanka da haɗawa ba sa ba ni wahala. Wahalar tana wurin fitar da fim, wato lokacin da za ki danna ki bar injin ya dafa aikin gaba ɗaya ya mayar da shi abu guda. Wannan dahuwar takan ci kusan awa biyar, kuran ɗin garinmu kuwa, wato wutar lantarki, ba ya zaman awa biyar don kowa. Sai sandar da ke nuna ci gaban aiki ta kusa ƙarshe, fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi, a koma farko. Akwai fim ɗin da na dafa sau huɗu. Ranar na zagi kuran, na zagi injin, na kira taubashina na zage shi shi ma.

Ya yi dariya har da tari. "Ke baiwata, ƴar ƙauye," in ji shi, don haka muke da shi tun muna yara, "injinki yana da saurin da bai nuna miki ba. In kina da haƙuri zan koya miki yadda ake matsa masa. In ba ki da shi, kuma na san ba ki da shi, ki bar shi yadda yake."

Da saƙon murya ya koya mini, guntu-guntu, ina saurare ina rubutawa a tsohon kayen lekol, littafin rubutuna na makaranta. Ya ce ƙwaƙwalwar injin wani ɗan ƙarfe ne mai faɗin kwalin ashana, ana ce masa furosesa, yana kwance ƙarƙashin ƴar fanka a cikin akwatin. Masu ƙera shi sukan sa masa saurin da bai kai iyakarsa ba, don ya daɗe. Idan aka kunna injin aka danna wani maɓalli da wuri, akan shiga shafin saiti, a can akwai lambobi biyu da suka shafe ni: ta sauri da ta wuta. In na ƙara sauri ban ƙara wuta ba, injin zai yi tuntuɓe ya daskare. In na ƙara wuta, zafi zai tashi. Ya maimaita mini har sau uku cewa wutar da ake magana a nan ba irin ta bango ba ce mai ɗari biyu da ashirin. Bolt ɗaya ce da ƴan ɓurɓushi, kuma a cikin ɓurɓushin nan rai da mutuwar furosesa suke.

"Daga ɗaya da ɗigo ashirin za ki tashi," ya ce. "Ki hau a hankali, taki ɗaya, ki gwada, ki duba zafi, sannan wani takin. Ɗaya da ɗigo talatin da biyar katanga ce ga irin naki, kada ki taɓa ta. Da zafin garinku ma kada ki je kusa da ita. Ba wuta mafi yawa kike nema ba, mafi ƙanƙanta kike nema wadda zai iya tsayawa a kanta."

Wallahi ranar farko sai da na yi bisimilla kafin in taɓa maɓalli. Ni da ban taɓa buɗe ko bayan rediyo ba, ga ni ina canza lambar da aka ce tana iya ƙona abin da nake ci da shi. Na ɗaga sauri kaɗan, na sa wuta ɗaya da ɗigo ashirin da biyu. Injin ya tashi, na ba shi aiki, bai yi minti goma ba ya daskare, hoton wata tsohuwa ya tsaya da baki buɗe. Na rubuta a kaye. Washegari na sa ashirin da biyar, ya yi rabin awa yana aiki lafiya, har na fara yi wa kaina kirari, sai allo ya yi shuɗi. Na rubuta. Na buɗe akwatin na hure ƙurar da ta toshe fankar, na shafa sabon man sanyaya da taubashina ya aiko, na ɗora akwatin a kan bulo biyu don iska ta shiga ta ƙasa. Kwana shida ina wannan hawan. A ashirin da takwas ya tsaya daram, ba tuntuɓe. Na ba shi fim mafi tsawo da nake da shi, na zauna ina kallon lambar zafi kamar mai gadin madara a kan wuta, ta hau ta hau ta tsaya inda aka ce ba laifi. Aikin awa biyar ya dawo ƙasa da huɗu, kuma wannan ragin ya ishe ni in riga kuran in na fara da sassafe.

Na ja layi biyu a ƙarƙashin lambar a kaye. Ba wanda ya ba ni ita, ni na nemo ta da kaina, kuma na yi alfahari da ita fiye da takardar da na fito da ita daga lekol. Biki uku na yi da wannan saitin ba tare da ko tuntuɓe ɗaya ba.

Sai bikin ƴar Hajiya ya zo. Hajiya mai sayar da atamfa ce a unguwarmu, mace mai kamun kai, mijinta mai tsanani, surukin da za ta yi kuma ya fi mijin. Kafin ta yarda in shigo da kamera sai da ta zaunar da ni a ɗakinta ta riƙe hannuna. Ta ce, "Ɗiyata, mijin yarinyar nan ko muryarta ba ya son wani ya ji. Na roƙe shi ne da ƙyar, na ce ke ce." Na ba ta kalmata kamar yadda na saba, na ƙara da rantsuwa. A wurin walimar tsofaffin dangin uwa da suka zo daga ƙauye suka tasa amarya gaba da waƙar tsiya, suka fizge mata mayafi, ita kuma da kunya ta sake ta sai ta tashi ta taka, kai ba ɗankwali, kafaɗa a waje, tana dariya har da hawaye. Ban taɓa ɗaukar abu mai kyau irinsa ba. Aka yi da ni in kai fim ɗin ranar Alhamis, don Jumma'a za a wuce da amarya Dogon Kiriya, inda mijin yake da shago.

Ranar Laraba bayan azahar, tsakiyar bazara, zafi ya kai inda ko ƙadangare ba ya fitowa. Na gama haɗa fim ɗin, na ga kuran yana nan, na ce bari in gwada sa'a. Injin ya daskare sau ɗaya. Ban tsorata ba, na san dalili: ɗakin ya fi zafin lokacin da na yi gwajina. Maganin shi ne in sauke sauri taki ɗaya har damina ta sauka. Na kashe, na kunna, na shiga shafin saiti. Ina cikin haka na ji sallamar Yaya a zaure, shi da baƙo.

Dole in faɗi wane ne Yaya, don kada a ce na zalunce shi. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Tun da Baba ya rasu shi ya riƙe gidan, shi ya tsaya na yi karatu lokacin da wasu ke cewa ya isa haka. Ko sunansa ba na faɗa. Aikinsa wutar lantarki, yana ja wa mutane waya, yana kafa pano mai ba da wuta daga hasken rana a kan rufi, kuma duk garin an san hannunsa. A garinmu kuran kullum a raunane yake zuwa: ƙwan fitila ya yi ja, firji ya yi ta nishi, injin markaɗe ya ƙi tashi. In aka kira Yaya, magani ɗaya ne, a ƙara wuta. Ya ɗaura na'urar ɗaga wuta, fitila ta yi haske, a yi ta sa masa albarka. Shekara ashirin yana wannan, kuma bai taɓa ganin abin da ƙarin wuta ya ɓata wanda rashinta bai fi ɓatawa ba.

Baƙon wani ma'aikaci ne da aka turo garin sabo, yana son a kafa masa pano, Yaya ya kawo shi ya ga aikin da ya yi a gidanmu. Suka leƙo ɗakina don batiran, waɗanda fitilun gida kawai suke iya ɗauka, suna nan a kusurwa. Na gode Allah ba hoton kowa a allon, lambobi ne kawai. Na gaishe su, na ja mayafina. Yaya ya sunkuyo yana kallo.

"Auta, wannan kuma mene ne?"

Na ce wutar da furosesa ke ci ce.

"Nawa ke nan?"

Na ce ɗaya da ɗigo ashirin da takwas.

Ya miƙe ya dubi baƙon, ya fashe da dariya. Ya sa hannu a aljihu ya zaro ƴar tocilarsa ta aiki, ya kwance gindinta, ya zazzago batiri a tafin hannu ya nuna mana rubutun. "Ɗaya da rabi. Malam, ka gani? Tocilar aljihuna ta fi wannan ƙaton akwatin cin wuta. Shi ya sa kullum take kukan yana tsayawa. Yunwa take sa masa."

Na ce a hankali, kaina a ƙasa, "Yaya, an ce kada a wuce talatin da biyar."

"Wa ya ce?"

"Ɗan Goggo."

"Ɗan Goggo? Wanda ni na koya masa kwance noti da turnabis?" Baƙon ya yi dariya, irin dariyar mutumin da ke son a rage masa kuɗin aiki. Yaya ya ce, "Tashi in gani."

A gidanmu ba a mayar wa yaya magana a gaban baƙo. Ba doka ce da wani ya taɓa karanta mini ba, da ita na tashi, kamar yadda na tashi da cin abinci da hannun dama. In kina da ja, ki bari baƙo ya tafi, ki bi ta wurin Inna, Inna ta san yadda za ta faɗa masa. Na riga na yi magana sau ɗaya, ta biyu rashin kunya ce. Sai na tashi na ba shi kujera. Ya zauna da yatsa ɗaya yana neman lambobi, ya goge tawa, ya rubuta ɗaya da ɗigo bakwai, wai ya ɗan ɗara tocila tunda akwatin ya fi ta girma. Lambar ta rikiɗe ta yi ja. Injin da kansa ya fito da gargaɗi. Yaya ya ce jan nan don tsorata waɗanda ba su san wuta ba aka sa shi, ya danna ya wuce.

Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne, wayar injin tana nan kusa da ƙafata. Da na taka ta da gangan na ce kuskure ne, da shi ke nan. Na kalle ta. Na san abin da zai faru sarai, ni kaɗai ce a ɗakin na sani, kaye na nan a kan tebur da layi biyu a ƙarƙashin lambata, amma na tsaya na haɗe hannuwa kamar wadda aka kira gaban alƙali. Ina jin haushin Yaya, amma haushin wannan tsayuwar tawa ya fi.

Ya ce in ba shi aiki mu gani. Na rufe tagar da ke nuna hoto, na danna fitar da fim, sandar kawai ta bayyana. Fankar cikin akwatin ta ɗauki ƙara irin wadda ban taɓa ji ba. Yaya ya dubi baƙon ya ce, "Ka ji ƙarfi?" Ƙarfin me? Ko lambar sauri bai taɓa ba! Sandar tana tafiya daidai yadda take tafiya jiya, ko daƙiƙa ɗaya ba a samu ba, zafi kawai ake zuba wa abin a banza. Lambar zafin tana hawa ina kallo. Ba a jima ba injin ya kashe kansa, don an yi shi ne ya tsere in ya ji zai ƙone. Na ce a raina Alhamdu lillahi, ya tsira. Yaya ya ce soket ne ya yi sako-sako, ya gyara zamansa, ya sake kunnawa, ya ce in sake ba shi aikin. Ya sake mutuwa. Ya juyo da fankar ɗaki ta fuskanci akwatin, ya kunna na uku. A na ukun ne na ji ɗan ƙauri, kamar an bar roba kusa da murhu, sai allon ya yi baƙi. Ya danna, ya danna, tsit.

Ya miƙe yana kaɗe hannu. "Injin ne dama ya tsufa," ya ce wa baƙon, ba ni ba. "Kayan hannu ke nan. Mu je ka ga na rufin."

Da suka fita na zauna a ƙasa na yi kuka, ba na baƙin ciki ba, na takaici. Na kira taubashina na faɗa masa lambar. Karo na farko a rayuwata da bai tsokane ni ba. Ya ce in shinshina in duba kusa da fankar, in gaya masa ko akwai wurin da ya yi baƙi. Akwai. Ya ce furosesa ya tafi, da alama ya ja babban allon da yake zaune a kai. Amma ya ce in kwantar da hankali, fim ɗin ba a can yake ba, yana cikin faifan ajiya, wani ɗan akwatin ƙarfe da ke gefe, kuma shi ba abin da ya same shi. Zai nemo kayan ya sa a mota, sai dai zai ɗauki mako guda ko fiye.

To mako guda ba mutuwa ba ne. Alhamis da safe na sa hijabi na tafi wurin Hajiya na faɗa mata injina ya lalace, fim zai makara, in ya samu ni da kaina zan shiga mota in kai wa amarya har Dogon Kiriya. Ban ambaci Yaya ba. Hajiya ta ce, "Ba komai, ɗiyata, jinkiri ba ya ɓata mini rai. Abu ɗaya nake tambaya, yana hannunki?" Na ce yana hannuna, Hajiya, a ɗakina yake a kulle. Ta sa aka zubo mini cincin na biki a leda.

Na dawo gida na tarar da ɗakina a buɗe, akwatin a kwance, murfinsa a jingine da bango, wurin faifan ajiya wayam. Na fito tsakar gida ina kiran Inna. Tana tsince shinkafa, ta ɗago da fara'arta. Ta ce yayanki ne ya karɓi makullin, abin jiya ya dame shi ko karin kumallo bai yi ba, ya ce ba zai bari ki ji kunyar mutane ba, ya cire abin ya kai wurin abokinsa mai siber, shagon kwamfuta a bakin tasha, a can za a fitar miki da fim ɗin yau-yau. Ta ce, "Kin ga ɗan'uwa ke nan."

Ledar cincin ta faɗi daga hannuna. Ban san lokacin da na tare kabu-kabu ba, ban san me na ce masa ba, na dai san ina dukan bayansa ina cewa ya yi sauri.

Shagon ɗan ƙarami ne, ƙofarsa a buɗe saboda zafi, allon kuma yana fuskantar ƙofa. Tun daga kan babur na hango ta. Amaryar Hajiya, kai ba ɗankwali, kafaɗa a waje, tana juyi tana dariya, sautin tafin tsofaffi yana fita har titi. Mai shagon yana zaune yana dube-dube wai yana neman inda aikin ya tsaya. Mutum huɗu da suka zo ɗaukar kwafin takardu suna tsaye a bayansa, ba wanda ke kallon takardarsa. Ɗaya daga cikinsu na san shi, rumfarsa tana layi ɗaya da ta ƙanen ango a kasuwa. Yaya kuwa yana bakin ƙofa, ya juya wa allon baya, ya kafa ido a titi, wai shi mai kunya, shi bai kalla ba. A tunaninsa ya gama kiyaye amana ke nan.

Na ture mutanen na shiga, na fizge wayar daga bango, duk injinan shagon suka mutu lokaci ɗaya. Na tsinke faifaina na rungume. Sannan na juyo kan Yaya, kuma duk abin da na haɗiye jiya ya fito. Na ce wa ya aike ka? Na ce ka ƙona mini injin na yi shiru, yanzu ka zo ka ƙona ni? Na ce ka san wuta, ka san waya, amma ba ka san komai a kan wannan ba, kuma girman kai ya hana ka tambaya. Na ce batirin tocila! Na faɗa da ƙarfi har masu lodin mota suka juyo. Ban zage shi ba, Allah shaida ne, amma na ɗaga murya a kan yayana a bakin tasha, gaban ƴan kamasho da masu tallan ruwa. Fuskarsa ta yi kamar na mare shi, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Maganar da ta kamata in yi jiya a gaban mutum ɗaya, lokacin da za ta yi amfani, ita na zo na yi yau a gaban mutum talatin, lokacin da ba ta tsinana komai ba.

Daga tasha gidan Hajiya na nufa, ina so ta ji daga bakina. Labari ya riga ni. Na same ta a zaune a bakin gado, amarya tana ciki ina jin shessheƙarta. Na durƙusa na fara bayani, injin, lamba, Yaya, makulli. Ta bar ni na gama. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi jin sauƙi. Ta ce, "Da safen nan na tambaye ki." Na ce haka ne. Ta miƙo hannu, na ɗora mata faifan gaba ɗaya, da bikinta da duk abin da ke ciki. Ta sa shi ƙarƙashin matashi ta ce in gaida Inna.

An kai amarya ranar Jumma'a kamar yadda aka shirya. Auren bai mutu ba, amma na ji an ce ta shiga gidan mijinta da bayani a baki maimakon murna, kuma ya daɗe bai bar ta ta zo ganin gida ba. Ni kuwa ba wanda ya zo ya ce mini an daina kirana. Bukukuwa dai suka ci gaba, ina jin guɗa daga unguwa, wayata shiru. Matan da suka riƙa jan hannuna a kasuwa suna cewa saura na ƴata, suka koma gaisuwa daga nesa. Ban ga laifinsu ba, ko ni ce haka zan yi.

Kayan suka iso daga Yamai bayan kwana tara, da wani faifan a ciki kyauta. Na haɗa da kaina, taubashina yana gaya mini ta waya. Na sake hawa daga ɗaya da ɗigo ashirin, taki-taki, don ya ce kowane furosesa da halinsa, lambar wancan ba lallai ta yi wa wannan ba. Sabon ya tsaya a ashirin da shida. Yana aiki lafiya lau har yau. Takardun neman aiki nake buga wa mutane da shi, da katin gayyata, aikin da ko rabin saurinsa ba ya buƙata.

Abin da aka riƙa yi da shi a gidanmu da dangi kuwa ba faifan ba ne, ba injin ba ne, muryata ce. Auta ta yi wa yayanta tsawa a tasha. Goggo ta kira, kawu ya aiko. Yaya ya daina shigowa cin abinci, Inna ta daina barci, hawan jininta ya tashi. Ta kira ni ɗaki ta ce, "Don ya taimake ki ya yi. Ko ya yi kuskure, shi ne babba. Ki je ki ba shi haƙuri, in dai ni na haife ki." Na ce Inna, ni aka yi wa ɓarna. Ta ce ta sani. Ta ce ta sani, amma in je.

Na je. Bayan la'asar ne, yana ƙofar shagonsa yana kwance wata tsohuwar fanka. Na durƙusa har ƙasa a gaban maƙwabtansa, na ce Yaya, na yi kuskure, ka yafe mini. Kalmomin suna fita ina jin ɗacinsu a harshena. Ya daɗe yana juya turnabis bai dube ni ba. Sannan ya sauke ajiyar zuciya, ya ce ba komai, ƙuruciya ce, ya yafe duniya da lahira. Na yi godiya na miƙe. Har na juya zan tafi ya kira ni, da murya mai taushi, irin ta wanda ya huce yake son ya yi alheri.

"Auta, sabon injin nan naki," ya ce, "in kin ga yana tsayawa kada ki ji nauyi, ki kira ni in duba miki wutarsa."